Daga Dubai zuwa Guangzhou: nawa ne nisan, kuma awa nawa ake yi a sama?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, na saba saro kaya a Dubai, bana kuma a watan Disamba zan zarce Guangzhou karo na farko. Tikitin da aka yankar mini ya nuna za mu tashi daga Dubai ƙarfe 10:30 na safe, mu sauka 10:00 na dare, kusan awa 12 ke nan. Amma a dawowa za mu tashi 12:15 na dare, mu sauka Dubai 4:45 na asuba, awa huɗu da rabi kacal. Hanya ɗaya ce, to yaya aka yi haka? Nawa ne ainihin nisan garuruwan nan biyu, kuma awa nawa mutum ke yi a cikin jirgi? Wani abokina ya ce juyawar duniya ce ke jawo bambancin." Daga wani Alhaji a Kano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa wa kasuwa albarka. Abu uku ka tambaya a dunƙule: nisan da ke tsakanin Dubai da Guangzhou, tsawon zaman da za ka yi a jirgi, da dalilin da ya sa zuwa da dawowa suka sha bamban. Aikina tsara tafiyar jirgi ne tun yana ƙasa. Mu ne ke zama a ofis mu fitar da hanyar da zai bi, da tsayin da zai hau, da man da za a zuba masa, sannan mu miƙa wa kyaftin ya duba ya sa hannu. Don haka lissafin nan da ya ɗaure maka kai shi ne abincinmu na yau da kullum.

Ga amsar a gajarce kafin in warware ta. Nisan ya kai kimanin kilomita 5,830. A tikitinka zuwa awa bakwai da rabi ne, dawowa kuma awa takwas da rabi. Wato tafiyar da ka ɗauka doguwa ita ce gajeriya, wadda ka ɗauka gajeriya kuma ita ce doguwa.

Agogo biyu a kan takarda ɗaya

Duk lokacin da aka rubuta a kan tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Dubai tana gaban agogon GMT da awa 4, ƙasar Sin tana gabansa da awa 8, Najeriya da Nijar kuwa da awa 1. Sin duk faɗinta agogo guda take bi, na birnin Beijing, kuma ita da Daular Larabawa ba sa matsar da agogonsu gaba ko baya kamar yadda Turawa ke yi sau biyu a shekara. Saboda haka tazarar awa huɗun nan tana nan daram, rani da damina.

To, mayar da komai kan agogo ɗaya. Sa'ad da za ku tashi Dubai 10:30 na safe, a Guangzhou 2:30 na rana ta yi. Daga 2:30 na rana zuwa 10:00 na dare awa bakwai da rabi ne. A dawowa, 12:15 na dare a Guangzhou daidai yake da 8:15 na dare a Dubai. Daga nan zuwa 4:45 na asuba awa takwas da rabi. In kana tafiya gabas ka ɗebe awa huɗu daga abin da idonka ya gani, in kana dawowa yamma ka ƙara awa huɗu. Mu a wurin aiki ba ma yarda da agogon kowane gari, da agogon duniya guda ɗaya muke rubuta komai, wanda matuƙa ke kira Zulu, don gudun irin wannan ruɗani.

Akwai tarko guda a jirginka na dawowa, kuma ya fi duk sauran lissafin nan haɗari ga aljihunka. Jirgin 12:15 na dare ya riga ya shiga sabuwar rana. In tikiti ya ce ranar 20 ga wata, to daren 19 za ka tafi filin jirgi, wajen ƙarfe tara. Na sha ganin mutum ya iso da kayansa niƙi-niƙi a daren 20, ana gaya masa jirginsa ya tashi tun jiya. Ba ƙaramin abin tausayi ba ne, domin sabon tikiti a wannan hali da tsada ake sayensa, ga kuma kwanakin biza suna ƙarewa.

Nisan kansa

Kilomita 5,830 ɗin da na faɗa, daga babban filin jirgin Dubai ne zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou, a kan hanya mafi gajarta da za a iya ja a doron duniya. A mil ya kama wajen 3,620. Matuƙa kuwa da mil na teku suke aiki, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, a nan sai ka ji an ce wajen 3,150. Shi ya sa za ka ga alƙaluma uku daban-daban a intanet ka zaci saɓani ne, alhali ma'auni ne kawai ya bambanta. In ka taɓa tashi daga Legas zuwa Dubai ka riga ka ɗanɗana wannan nisa, domin wancan kusan kilomita 5,900 ne.

A shimfiɗaɗɗiyar taswira garuruwan biyu sun yi kusan daidaita, Guangzhou ta ɗan fi gangarawa kudu kaɗan, sai mutum ya ga ai miƙewa gabas sak ita ce hanya. Amma duniya a dunƙule take. In ka sami taswirar nan mai siffar ƙwallo ka ɗora zare daga Dubai zuwa Guangzhou ka ja shi ya miƙe, za ka ga ya ɗan lanƙwasa arewa: ya ratsa kudancin Pakistan, ya bi arewacin Indiya har ya ratsa kudancin Nepal, ya wuce ta arewa maso gabashin Indiya da arewacin Myanmar, ya shiga Sin ta lardin Yunnan.

Sai dai jirgi ba ya bin zaren nan daidai wa daida. Sama ma tituna gare ta, kowanne da sunansa da mahaɗarsa, kuma kowace ƙasa tana da ƙofofin da ta yarda a shigo mata ta nan. Ga kuma duwatsun Himalaya da tudun Tibet a hannun hagu, tudun da matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,000. Ba wai jirgi ya kasa ƙetare su ba ne, yana tafiya sama da su nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce in iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zurare, dole matuƙi ya gangaro da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum ke iya numfashi da kansa, abin shaƙar nan da ke saukowa daga saman kujera kuma na 'yan mintoci ne. A saman Tibet babu inda za a gangara. Saboda haka hanyar da aka fi bi tana ɗan yin kudu, ta saman Indiya da Bangladesh da Myanmar, sannan ta kusa da birnin Kunming. Wannan kewaye kan ƙara kilomita ɗari biyu ko uku a kan lissafin zare. Da an shiga sararin Sin kuma ma'aunin tsayi ke canjawa: yawancin ƙasashe da ƙafa suke ba jirgi tsayi, Sin da mita, sai ka ji mai kula da zirga-zirga ya ce a koma mita 10,700 ko 11,300.

Iskar da ke sama

Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin su Boeing 777 da Airbus A380, suna keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. Wannan gudunsu ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba, kuma nan ne duk sirrin awa gudan nan da dawowa ta fi zuwa yake.

A tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a cikin siririn zirin da ya kewaye duniya. Wani masanin yanayi ɗan ƙasar Japan, Wasaburo Ooishi, yana cikin waɗanda suka fara auna ta, a shekarun 1920, ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da na'ura. A lokacin hunturu zirin nan yana kwanciya ne daidai kan hanyarka: daga saman yankin Larabawa, ya bi arewacin Indiya ta kudancin Himalaya, ya ratsa kudancin Sin. A tsakiyarsa gudun iskar kan wuce kilomita 200 a awa. Ka san bel ɗin nan mai tafiya da kansa a filin jirgin Dubai, wanda in ka hau kana takawa sai ka wuce masu tafiya a gefe? In da za ka juya ka fuskanci inda yake fitowa, takunka bai canja ba amma da ƙyar za ka ci gaba. Haka jirgi yake da wannan iska.

Mu ɗauki misali don lissafi ya fito. A ce hanyar da aka tsara kilomita 6,100 ce. In babu iska ko kaɗan, jirgi mai gudun 900 zai cinye ta cikin awa 6 da minti 47. In iska ta tura shi da kilomita 100 a awa a tsawon tafiyar, gudunsa a kan ƙasa ya zama 1,000, tafiya ta dawo awa 6 da minti 6. In ya juyo yana fuskantar iskar, gudun ya koma 800, tafiya ta zama awa 7 da minti 38. Lura da wani abu a nan: ribar zuwa minti 41 ce, hasarar dawowa minti 51. Kullum abin da iska ta ƙwace ya fi abin da ta bayar, domin jirgi ya fi daɗewa a cikinta sa'ad da take gaba da shi. Shi ya sa a jirgin zuwa muke neman tsakiyar zirin mu sa jirgi a ciki, a na dawowa kuma mu nemi hanyar da ta kauce masa, ko mu canja tsayi, ko da hanyar ta ɗan fi tsawo. A takardar da muke ba kyaftin, kowace mahaɗa da layinta: inda iska ke fitowa, ƙarfinta, sanyin waje, mintocin da za a ci kafin mahaɗa ta gaba, da man da ya kamata ya rage a tanki. Kai ma za ka iya ganin abin da idonka. Kunna taswirar da ke allon bayan kujerar gabanka sa'ad da kuke saman Indiya. A jirgin zuwa cikin Disamba kada ka yi mamaki in ka ga gudu ya haura 1,000, a na dawowa kuma ya tsaya wajen 800 ko ƙasa da haka.

Wannan hali na hunturu ne. Wajen watan Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama a Indiya, zirin iskar kan matsa arewa ya koma bayan tudun Tibet, har wata iskar daga gabas ta maye sararin kudancin Indiya. A watannin nan tazarar zuwa da dawowa tana raguwa ƙwarai. Kamfanonin jirage sun san da haka, shi ya sa suke sabunta jadawalinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. In ka koma a watan Yuli ka ga lokutan sun canja, ba kuskure aka yi ba.

Maganar abokinka kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba ta inda ya nufa ba. Duniya tana juyawa ne zuwa gabas, a daidai layin Dubai da gudun kusan kilomita 1,500 a awa. Da a ce jirgi na tashi ya bar ƙasa tana juyawa a ƙarƙashinsa, da dawowa yamma ce za ta fi sauri, tunda Dubai za ta taho ta tarye ka. Ga shi kuwa dawowar ce ta fi daɗewa. Iska da jirgi da filin jirgi duk tare suke juyawa da duniya. Inda juyawar ta shigo shi ne wajen haifar da zirin iskar: iska mai ɗumi na tasowa daga yankuna masu zafi da ke kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, ta nufi arewa a can sama, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita gabas. Ka gaya masa bai yi nisa da gaskiya ba.

Lokacin tikiti da lokacin sama ba ɗaya ba ne

Awa bakwai da rabin da ke tikitinka ana ƙirga ta ne daga sa'ad da aka ture jirgi baya daga ƙofa har ya tsaya cak a ƙofar can. A ciki akwai tafiyar ƙasa zuwa titin tashi da jiran layi, wanda a filin jirgi mai cunkoso kamar Dubai kan ci minti 15 zuwa 30. Akwai hawa da gangarowa, inda jirgi ba ya cikakken gudunsa. Akwai kuma ɗan rara da kamfani ke ƙarawa don kada a riƙa cewa ya makara. Shi ya sa za ka ji kyaftin ya sanar da cewa tafiyar awa shida da minti hamsin ce alhali tikiti ya ce bakwai da rabi. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Abin da ke rushe lissafi yawanci ba nisa ba ne. A Dubai hazon safiya ne na watannin sanyi, wanda kan sa jirage su yi ta kewaye a sama ko su makara tashi. A Guangzhou hadari ne da tsawa daga Afrilu zuwa Satumba, da guguwar teku da ke bugun gaɓar lardin Guangdong, galibi daga Yuni zuwa Oktoba. Babban kaso na sararin saman Sin yana hannun soja, hanyoyin jiragen fasinja ƙunci gare su, don haka hadari guda in ya tare hanya sai jinkiri ya bi jirage da yawa. Sai kuma siyasa. A shekarar 2019, bayan rikicinta da Indiya, Pakistan ta rufe sararinta a ƙarshen Fabrairu, ba ta buɗe shi gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli, jirage da dama suka riƙa zagayawa ta saman teku. Nisan garuruwa bai motsa ba, amma tafiya ta ƙaru.

Duk wannan muna saka shi a lissafin mai. Boeing 777 babba yana shan wajen tan bakwai zuwa takwas a awa. Bayan man tafiyar kanta, ƙa'ida ta tilasta a ƙara na ko-ta-kwana, da wanda zai kai jirgi wani filin in an kasa sauka a Guangzhou, misali Shenzhen ko Hong Kong, da kuma na kewayen minti 30 wanda ba a son a taɓa shi sam. In hasashen yanayi ya nuna hadari a lokacin sauka, kyaftin kan ce a ƙara masa wasu tan a kai, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. In kun yi kewaye a sama kafin sauka kada hankalinka ya tashi, an yi tanadinsa tun a ƙasa.

Abin da zan iya ba ka tabbaci a kai shi ne nisan da kuma tsarin lissafin. Mintocin ranar tafiyarka kuwa sai a ranar, domin mu kanmu sai 'yan awoyi kafin tashi muke fitar da takardar ƙarshe, bayan sabon hasashen iska ya iso.

Abin da ya kamata ka yi da waɗannan alƙaluma

A ganina, Alhaji, minti talatin sama ko ƙasa a cikin jirgi bai kai ya dame ka ba. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin saukarka Dubai da jirgin da zai kawo ka gida. In tikiti ɗaya ne tun daga Guangzhou har Najeriya, kamfani ne ke ɗauke da nauyinka in jinkiri ya sa ka rasa jirgi na biyu. In kuwa tikiti biyu ne daban-daban, kamar yadda 'yan kasuwarmu suka fi yi don neman sauƙi, to hasarar a kanka take. Ga shi dole ka fita ka karɓi kayanka, ka sake awo. Mai dawowa daga Guangzhou ba ya rasa kaya masu nauyi, don haka ni ba na ba wa irinsa shawarar ƙasa da awa biyar ko shida a tsakani, kuma ya tabbata yana da bizar da za ta ba shi damar fita.

Nan gaba, in ba ka da abin yi a Dubai, ba dole sai ta nan ba. Ana zuwa Guangzhou ta Addis Ababa, daga can kusan kilomita 8,000 ne, ko ta Doha, kusan 6,200, ko ta Alƙahira. Wajen zaɓe, ka haɗa dukan tafiyar tun daga gida har da zaman jira, ka kuma duba kilo nawa aka ba ka. Ka sani kuma kujeru na tsada, layin shige da fice na tsawo, a lokacin babbar kasuwar baje koli ta Canton, wadda ake ci a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba.

Sai maganar salla, wadda mutanenmu da yawa ba sa lissafawa sai abin ya zo musu ba shiri. Mai tafiya gabas yininsa gajere ne. In kun tashi 10:30 na safe a Disamba, rana za ta faɗi muku a wajajen Bangladesh ko Myanmar, alhali agogon hannunka da ke kan lokacin Dubai bai wuce uku na rana ba. Azahar da la'asar za su shigo su fita cikin 'yan awoyi, magariba da isha ma a sama za su same ka. Kada ka bi agogo, ka bi rana ta taga. Alƙibla tana bayan jirgi a tafiyar zuwa, wasu jiragen kuma suna nuna ta a allon kujera. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli fagen malamai ne, ka tambaye su kafin ka tashi, kuma ya fi sauƙi ka shiga jirgi da alwalarka. A dawowa abin ya juye: kuna gudu tare da dare, duk awa takwas da rabin cikin duhu za ku yi ta, ku sauka Dubai kafin alfijir ya keto, ka yi asuba a masallacin filin jirgi.

Wanda zai tarye ka a Guangzhou, ka ba shi lambar jirgin, ba lokacin sauka kaɗai ba, don ya riƙa dubawa a wayarsa. Ka ƙara masa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na shige da fice da jiran kaya. Filin jirgin Baiyun yana arewa da gari da kusan kilomita 30, don haka in masaukinka a Xiaobei ko Sanyuanli yake, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, da wuya ka kwanta kafin sha biyun dare. Mutanen gida kuma ka gaya musu su sa ran kiranka wajen la'asar, domin 10:00 na dare a Guangzhou 3:00 na rana ce a Kano.